Kurt Schwitters: Mai Zane da Tarkacen Takardu

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce abin da wani ya yar shi wani yake nema. Rayuwar Kurt Schwitters, wani Bajamushe mai zane kuma mawaƙi, ta gaskata wannan zance, domin da abin da mutane suka zubar ya gina sana'arsa, sa'an nan ya kafa 'yar maɗaba'arsa don ya isar da ita ga jama'a.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Schwitters a birnin Hanover na ƙasar Jamus ranar 20 ga Yuni, 1887. Ya koyi zane a Dresden daga 1909 zuwa 1914, inda ya ƙware wajen zana mutane da ƙasa kamar yadda aka saba. To, amma da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare a 1918, ya bar Jamus cikin talauci da ruɗani, sai ya sake salo. Ya shiga tsintar tikitin mota, da yagaggun jaridu, da guntayen katako da waya, yana manna su bisa allo har su zama hoto guda. Ya raɗa wa wannan aiki suna Merz, wato guntun wata kalma da ya yanko daga tallan banki.

Aikin Ɗab'i

A 1923 ya fara fitar da mujalla mai wannan suna daga gidansa, kuma shi ne edita, shi ne mai tsara shafuka. Ta ci gaba da fitowa jefi-jefi har 1932. Kasancewar irin wannan aiki ba ya ciyar da gida, ya buɗe ofishin tsara tallace-tallace, ya yi wa kamfanin tawada na Pelikan aiki. A 1925 shi da Käte Steinitz da Theo van Doesburg suka buga littafin yara a kan wani mutum-mutumin gona, wanda baƙaƙen ɗab'i da layukan da ke akwatin maɗaba'a ne suka zama jikin mutanen labarin.

Gudun Hijira da Rasuwarsa

Da 'yan Nazi suka kama mulki, sai suka ɗauki aikinsa a matsayin ɓarna, har suka baje wasu hotunansa a 1937 don a yi musu dariya. A farkon shekarar ya tsere zuwa Norway, daga nan zuwa Ingila a 1940, inda aka tsare shi fiye da shekara guda a tsibirin Man saboda kasancewarsa Bajamushe. A 1943 bom ya rusa gidansa na Hanover tare da ginin tarkace da ya daɗe yana yi a cikin ɗakunansa. Ya rasu a garin Kendal ranar 8 ga Janairu, 1948, cikin rashin lafiya da ƙuncin hannu.

Kammalawa

Abin lura a nan shi ne, babban aikinsa da ya tara a wuri ɗaya wuta ta cinye shi, sai hotuna kaɗan da aka ɗauka. Amma 'yan mujallun da ya buga ya rarraba ga abokai a ƙasashe daban-daban sun tsira, kuma a yau ɗakunan karatu da gidajen tarihi suna adana su ga masu nazari.