ALHAJI ALHASSAN ƊANTATA: ATTAJIRIN DA AMANA TA ƊAUKAKA

A wannan fitowa mun ga ya dace mu waiwayi tarihin wani bawan Allah wanda duk ɗan kasuwar Bahaushe ya san sunansa, wato marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata. Dalilinmu kuwa shi ne, kukan da ake yi yau tsakanin maigida da yaronsa, da tsakanin mai kaya da dillali, duk na rashin amana ne.

An haifi Alhassan a garin Bebeji ta ƙasar Kano a 1877. Mahaifinsa Madugu Abdullahi Ba'agale ne, Agalawa kuwa an san su da fataucin goro zuwa Gwanja. Yana ɗan yaro mahaifin ya rasu, mahaifiyarsa Amarya, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta koma Ankara da zama. Sai aka bar shi hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata, ita ta rene shi, daga nan ya sami laƙabin Ɗantata. Ya yi karatun allo, ya ɗanɗani rayuwar almajirci, ya koyi tattalin abin da ya samu komai ƙanƙantarsa.

Da yaƙin Basasa ya ɓarke a Kano a 1893 tsakanin Tukur da Yusufawa, an kama shi tare da 'yan'uwansa, sai da suka fanshi kansu. To jama'a, mutumin da ya san maraici ya kuma san kamu, ba sai an gaya masa darajar ɗan Adam ba.

Shi ma ya yi zaman baƙunci kamar yadda muke yi. Ya je Ankara wurin mahaifiyarsa, daga baya ya shiga safarar goro. Maimakon doguwar tafiyar ayari da jakuna, sai ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko, wajen 1906. Da jirgin ƙasa ya fara jigila zuwa Kano a 1912, sai ya kafa gidansa a birni, harka ta ƙara buɗewa.

A 1918 kamfanin Turawa na Neja ya ɗauke shi wakilin sayen gyaɗa. A nan ne darasin yake. Kamfani zai ba shi kuɗi masu yawa tun kafin kaka. Shi kuma ya rarraba wa yaransa jari, su shiga ƙauyuka su saya daga manoma, a auna a sikeli, a ɗura a buhu, a tara a Kano har jirgi ya samu kwashewa. Tarin buhunan nan shi ne dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita. Ku duba fa, yawancin yaran nan ba su da gona ko gidan da za su jinginar. Maganarsu ita ce jinginarsu. In yaro ya ci kuɗin, asara a wuyan maigida. In maigida ya danne haƙƙin yaro, baɗi ba mai karɓar jarinsa. In an tauye mudu, manomi ya kai wa wani, don masu saye suna da yawa, har da Kwarori. Mun karanta a Islamiyya irin gargaɗin da Suratul Muɗaffifina ta yi wa masu tauye awo. Harkar da ta ratsa hannu da yawa haka ba ta yin shekara talatin da ɗoriya sai da gaskiya, domin ramin ƙarya ƙurarre ne.

Allah ya sa wa abin albarka. A 1929 da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙuma 20. Duk da haka an san shi da tsimi da gudun almubazzaranci. Ya sauke farali tun cikin shekarun 1920, lokacin da zuwa Makka sai mai ƙarfin hali.

Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, ya tara 'ya'yansa da mai kula da kuɗinsa, ya yi musu wasiyya su haɗa kai, kada su wargaza kamfanin. Ya rasu ran 17 ga Agusta 1955, ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma. Gidan bai mutu ba. Ɗansa Alhaji Sanusi ya rasu a 1997, Alhaji Aminu kuma a 2025, dukansu manyan attajirai. Alhaji Aliko Ɗangote ma jikan Alhaji Sanusi ne ta wajen uwa.

To mu fa? Mu da ke zaune a Kurmi, ba mu da gonar gado a nan, ba mu da sarauta. Shanu da goro da albasa da tumatir duk a kan bashi suke tafiya tsakaninmu da Arewa, da kuma tsakaninmu da masu masaukinmu. Ranar da aka daina yarda da maganar Bahaushe a kasuwa, ranar zamanmu ya zama wahala. Maigidan da yaro ya yi masa bauta shekara bakwai, ya sallame shi da jari kamar yadda aka yi alkawari, kada ya ƙaga masa sata ana gab da sallama. Dillali ya faɗi kuɗin da aka sayar na gaskiya, ya tsaya a kan la'adarsa. Yaro kuma ya san kuɗin aljihun tebur ba nasa ba ne. Shugabannin ƙungiya su riƙa karanta wa jama'a lissafin kuɗin taro ba sai an tambaya ba.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan, ya sa Aljanna makoma. Mu kuma Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.