Nana Asma'u, Uwar 'Yan Taru

'Yan'uwa mata, yau ga tarihin Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An haife ta a Degel cikin shekarar 1793. Ta yi karatu mai zurfi a gidan mahaifinta, ta yi rubuce-rubuce da Larabci da Fulatanci da Hausa. Mijinta shi ne Waziri Giɗaɗo.

Da ta ga matan ƙauyuka ba su da halin zuwa gari neman ilmi, sai ta zaɓi dattawan mata ta karantar da su, ta ba kowace malfa, aka kira ta Jaji. Su suka riƙa kai karatun har cikin gidaje, ta hanyar waƙoƙi, da harshen da mata ke ji. Ƙungiyar ce 'Yan Taru.

Ta rasu cikin 1864, aka binne ta a Hubbaren Shehu a Sakkwato.

To, masu son gyara makarantun gwamnati sai su yi koyi da ita: a fara horar da malami, a kawo makaranta kusa, a koyar da harshen gida. Ku kuma iyaye, ku bar 'yammata su ƙare karatu, don cikinsu malaman gobe suke. Allah ya jiƙanta, amin.