Theodor Herzl: Ɗan jaridar da ya bar wa matasansa gadon aiki

A shekarar 2004, lokacin da Theodor Herzl ya cika shekara 100 da mutuwa, Ƙungiyar Sahayoniyya ta Duniya ta ƙirƙiro lambar yabo da sunansa, domin karrama matasan Yahudawa maza da mata da suka yi fice wajen yi wa aƙidar hidima. Na san cewa ambaton sunan mutumin nan kaɗai ya isa ya ɓata wa mai karatu rai, ganin irin uƙubar da Falasɗinawa suke sha. Ni ma ina cikin masu wannan baƙin ciki. Amma a ganina, wanda bai san yadda aka gina katangar da ta tare masa hanya ba, zai daɗe yana kuka a gindinta.

An haifi Herzl a Budapest ta ƙasar Hungari ranar 2 ga Mayu, 1860. Iyayensa sun koma Biyana ta Ostiriya a 1878, inda ya karanci shari'a, amma sai ya ajiye aikin lauya ya rungumi alƙalami. A 1891 jaridar Neue Freie Presse ta tura shi Faris a matsayin wakilinta. A can ya ga yadda aka yi wa Kyaftin Alfred Dreyfus, wani hafsan sojan Faransa Bayahude, ƙazafin cin amanar ƙasa a 1894, aka tozarta shi a bainar jama'a. Wannan, tare da ƙiyayyar Yahudawa da ke ƙara ƙamari a Biyana da Rasha, ya sa ya yanke cewa mutanensa ba za su samu kwanciyar hankali a Turai ba sai sun mallaki ƙasa tasu.

A 1896 ya wallafa ɗan littafinsa mai suna Der Judenstaat, wato Ƙasar Yahudawa. Ba duk Yahudawa ne suka yi na'am da shi ba. Manyan attajiransu sun juya masa baya, malaman addininsu da dama sun yi tir da shi, har ta kai taron da ya shirya yi a Munich dole ya mayar da shi Basel ta Siwizalan. A nan ne, a watan Agusta na 1897, wakilai kimanin 200 suka kafa ƙungiyar. Abin lura shi ne bai tsaya ga jawabi ba. Ya kafa jarida a 1897, aka buɗe banki a 1899, aka kafa asusun sayen filaye a 1901, sannan aka ɗora wa kowane ɗan ƙungiya kuɗin shekara ɗan kaɗan wanda ke ba shi damar zaɓen wakilai.

Daga nan sai ya shiga ƙwanƙwasa ƙofofin sarakuna. Ya gana da Sarkin Jamus a 1898. A 1901 ya gana da Sultan Abdulhamid na Biyu na Turkiyya, da tayin taimaka wa daular wajen biyan basussukanta idan za a ba su izinin zama a Falasɗinu, amma haƙarsa ba ta cimma ruwa ba. A 1903 Joseph Chamberlain, Sakataren Mulkin Mallaka na Ingila, ya yi masa tayin wani yanki a Gabashin Afirka, cikin Kenya ta yau. Mai karatu ya lura da shekarar. Ita ce shekarar da sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato, kuma ofishin Chamberlain ɗin nan ne ke sama da Lugga. Irin wannan rabon ƙasar mutane a kan tebur ne ya shata iyakar da ta ratsa ta Maigatari, ta raba dangi tsakanin Ingila da Faransa.

A nan ne babban laifin shirin Herzl yake. Ya ɗauki ƙasa tamkar haja da za a yi cinikinta da masu mulki, ba tare da neman yardar mazaunanta ba. Tun a 1899 Yusuf Diya al-Khalidi, tsohon magajin garin Ƙudus, ya aika da wasiƙar gargaɗi cewa Falasɗinu tana da mutanenta, kuma ba za su miƙa ta cikin ruwan sanyi ba. Herzl ya ba shi amsa da alkawarin arziki. Ya mutu ranar 3 ga Yuli, 1904, yana da shekara 44, bai ga ƙasar da ya yi fafutuka dominta ba. Amma cibiyoyin da ya bari sun ci gaba da aiki, har aka samu sanarwar Balfour a 1917, aka kafa Isra'ila a 1948, Falasɗinawa sama da 700,000 suka rasa gidajensu. A 1949 aka kwashe ƙasusuwansa aka sake binnewa a Ƙudus.

To, mu kuma fa? Matasa takwas ne suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, domin 'yanta talaka, ba domin ƙwace gonar kowa ba. Manufarsu ta fi ta Herzl tsarki nesa ba kusa ba. Amma yau idan za mu tuna da Malam Sa'adu Zungur ko Malam Aminu Kano ko Sardauna, yawanci sai mu kama zauren taro, a yi lacca, a miƙa wa mai riƙe da muƙami ko mai hannu da shuni lambar yabo, a ci shinkafa a watse. Matashin da ke koyar da yara kyauta a ƙauyukan Gagarawa, da budurwar da ke bin gida-gida a Sule Tankarkar tana wayar da kan mata game da awon ciki, babu mai kiran sunansu.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Magadan Herzl sun gane cewa aƙida tana rayuwa ne idan an nemo matashi mai himma aka yaba masa a gaban tsaransa, aka danƙa masa aiki. Ina kira ga masarautar Gumel, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da 'yan kasuwarmu na Maigatari, su kafa asusu mai ɗorewa wanda kowa zai riƙa zuba ɗan abin da ya samu, a riƙa karrama matasa masu hidima duk shekara da sunan magabatanmu, bisa cancanta ba sanayya ba. Allah Ya kawo wa Falasɗinawa ɗauki, mu kuma Ya farkar da mu.