Ishaku Niyuton, Ɗan Manomi Mai Binciken Motsi

An haifi Ishaku Niyuton a wani ƙauye na ƙasar Ingila cikin shekarar 1642. Ubansa manomi ne, amma ya rasu wata uku kafin a haife shi. Yaron kuwa bakwaini ne, har ba a zaci zai rayu ba. Yana shekara uku uwarsa ta sake aure, ta bar shi wurin kakarsa.

Da ya kai shekara goma sha biyu aka sa shi makaranta a garin Girantam. Ana nan sai uwarsa ta fitar da shi don ya lura da gona da tumaki. Amma ina! Hankalinsa na wajen littafi, dabbobi na can suna ɓarna a gonakin maƙwabta. Kawunsa da shugaban makarantar suka yi ta ba uwar baki, har ta yarda ya koma. A 1661 ya shiga Jami'ar Kambirij.

A 1665 annoba ta sauka a Ingila, aka rufe jami'ar. Niyuton ya koma ƙauyensu, ya yi wajen shekara biyu yana ta nazarin lissafi da haske da motsi. Sai a 1687 ya fitar da babban littafinsa da harshen Latin. Abokinsa Hali, masanin taurari, shi ya biya kuɗin bugawa. Cikin littafin ya bayyana ƙa'idodin motsi uku, ya ɗora a kan aikin magabata irin su Galiliyo.

Ta farko ita ce, abin da ke tsaye ba ya motsawa, mai tafiya kuma ba ya tsayawa ko ya karkace, sai wani ƙarfi ya sa shi. Ku duba ƙwallo a filin makaranta. Tana nan ajiye sai an buga ta. In ta gangara kuwa, ciyawa da iska su ke tsai da ita. Haka kuma in mota ta taso daga Funtuwa za ta Malumfashi, direba ya taka birki farat ɗaya a Bakori, sai fasinjoji su tafi gaba luu. Motar ce aka tsayar, jikinsu bai tsaya ba tukuna.

Ta biyu, gwargwadon ƙarfin da aka sa wa abu, gwargwadon yadda gudunsa zai sake, amma abu mai nauyi ya fi wuyar turawa. Shi ya sa shanu kan ja amalanke fayau da sauƙi, in an labta masa buhunan masara sai sun yi nishi.

Ta uku, duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka daidai wa daida. In ƙato da siriri suka yi karo wajen neman ƙwallo, ƙarfin da ya sami kowannensu ɗaya ne. To, me ya sa siririn ke faɗuwa can nesa? Don ba shi da nauyi, watau ƙa'ida ta biyu ke nan. Saboda haka ne a kan raba 'yan wasa, manya dabam, ƙanana dabam, don kada a ji ciwo.

Niyuton ya ɗaukaka ƙwarai. Aka ba shi shugabancin gidan buga kuɗi na Landan, a 1705 kuma Sarauniya An ta ba shi lambar girma. Ya rasu a 1727 yana da shekara 84, aka binne shi inda ake binne sarakunan Ingila a wancan zamani. Masana suka sa wa ma'aunin ƙarfi sunansa.

Tambayoyi
1. Su wa suka sa aka mai da Niyuton makaranta?
2. Me ke tsai da ƙwallo in tana gangarawa?
3. In ƙato da siriri suka yi karo, don me siririn ke faɗuwa?