Janar Murtala Muhammad, Sojan da Ya Binciki Gwamnonin Soja

'Yan uwa ɗalibai, wannan makon mun kawo muku tarihin mutumin da hotonsa yake jikin naira ashirin, wato marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad.

An haife shi a Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Ya yi Kwalejin Barewa a Zariya, ya shiga soja, aka tura shi makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila. A yaƙin basasa shi ya jagoranci runduna ta biyu.

Ranar 29 ga Yuli, 1975, sojoji suka hamɓarar da Janar Yakubu Gowon yana taro a Kampala, suka naɗa Murtala shugaban ƙasa. Dama mutane sun gaji, domin Gowon ya fasa alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976, gwamnoninsa kuma ana ta ƙorafin sun azurta kansu ba mai iya ce musu don me.

Nan ne labarin ya iso gida. A lokacin babu Jihar Kebbi. Jega da Aliero da Maiyama duk suna cikin Jihar Arewa Maso Yamma mai hedkwata a Sakkwato, kuma gwamnanta shi ne Usman Faruk, babban jami'in 'yan sanda. Murtala ya sauke gwamnonin jihohi goma sha biyu gaba ɗaya, ya sa aka binciki dukiyarsu. Aka sami goma da laifi, har da namu, aka ƙwace kadarorinsu. Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma kaɗai suka fita fes. Ku duba fa, mutanen da jiya ake share musu hanya da jiniya, yau an zaunar da su ana tambayarsu inda suka sami gida da gona!

Amma ba za mu ɓoye muku ɗaya gefen ba. An kori ma'aikatan gwamnati sama da 10,000, da yawa ba a ji ta bakinsu ba. Sannan a watan Oktoba na 1967, sojojin rundunar da yake jagoranta sun kashe ɗaruruwan fararen hula a garin Asaba, kuma ba hafsan da aka gurfanar a kotu kan wannan. Shi ya binciki wasu, amma shi wa zai bincike shi? Ba zaɓensa aka yi ba, kuma babu majalisar da za ta kira shi ya yi bayani. A ganinmu, shi ya sa babban aikinsa ba korar gwamnoni ba ne. Babban aikinsa shi ne sa ranar da soja zai koma bariki, 1 ga Oktoba, 1979, da kafa kwamitin rubuta tsarin mulki a ƙarƙashin lauya Rotimi Williams.

Bai ga ranar ba. Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976, wasu sojoji bisa jagorancin Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe wa motarsa wuta a Legas yana hanyar ofis. Ya rasu yana da shekara 37, mulkinsa ko wata bakwai bai cika ba, aka binne shi a Kano. Kwana goma kafin nan ya mayar da jihohi 19, garuruwanmu suka faɗa Jihar Sakkwato har zuwa 1991. Mataimakinsa Olusegun Obasanjo ya riƙe ranar da aka sa, ya miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari.