Dorothy Arnold: Budurwar Da Ta Fita Sayen Riga Ba Ta Komo Ba

An haifi Dorothy Arnold a birnin New York na ƙasar Amurka cikin shekarar 1885, a gidan wadata da suna. Mahaifinta, Francis Arnold, attajiri ne mai shigo da turare daga ƙasashen waje, akwai kuma surukuta tsakaninsa da Rufus Peckham, alƙali a Kotun Ƙoli ta Amurka. Ta yi karatu a kwalejin 'yan mata ta Bryn Mawr, ta kammala a 1905.

Babban burinta shi ne ta zama marubuciya. Ta aika wa mujallar McClure's wani gajeren labari aka mayar mata da shi, 'yan gidansu kuwa suka dinga yi mata ba'a, har ta kama akwatin gidan waya a asirce don kada a ƙara ganin wasiƙunta. Akwai kuma wani mutumin Pittsburgh, George Griscom, wanda ya ba shekara 40 baya, da take so iyayenta ba sa so. A watan Satumba na 1910 ta ce za ta ziyarci wata ƙawarta, ashe wurinsa ta tafi a Boston, inda ta yi mako guda har ta jinginar da kayan adonta.

Ranar 12 ga Disamba, 1910, ta shaida wa mahaifiyarta za ta je sayen rigar da za ta sa a bikin ƙanwarta. Ta sayi cakulan, ta sayi littafi a kantin Brentano's, inda ta yi kiciɓis da wata ƙawarta wajen ƙarfe 2 na rana, ta ce mata da ƙafa za ta koma gida ta cikin lambun Central Park. Ganin ƙarshe da aka yi mata ke nan, tana da shekara 25.

A nan ne iyalin suka yi abin da ya fi kome ɓata binciken. A daren, da wata ƙawarta ta bugo waya, sai uwar ta ce Dorothy ta dawo, ciwon kai ne ya kwantar da ita. Don gudun abin kunya da bakin 'yan jarida, maimakon 'yan sanda sai suka kira wani lauya aminin gidan, John Keith, wanda ya bi asibitoci da gidajen yari da ɗakunan ajiye gawa, daga baya suka ɗauki masu binciken kamfanin Pinkerton. Sai ranar 25 ga Janairu, 1911, bayan mako 6, uban ya tara manema labarai, ya sa ladar dala 1,000. Kafin nan sawu ya riga ya goge, wanda duk ya gan ta a hanya ya manta.

Uwar da ɗanta John sun bi Griscom har birnin Florence na Italiya, inda yake hutu, amma ya dage bai san inda take ba, ba a kuma taɓa kama shi da laifi ba. Wasiƙu suka yi ta zuwa daga masu cewa sun gan ta, duk aka bi ba a sami kome ba. A 1916 wani fursuna ya ce an biya shi ya binne gawar wata budurwa. Aka tona, babu gawa. Har yau ba a gano abin da ya same ta ba.

Francis Arnold, wanda aka ce ya kashe kimanin dala 250,000 wajen nema, ya haƙiƙance tun farko kashe ta aka yi a lambun nan. Ya rasu a 1922, bai bar mata kome a wasiyyarsa ba, domin a wurinsa ta riga ta mutu. Mahaifiyarta Mary kuwa ba ta taɓa yarda da haka ba. Ta ci gaba da sa ran dawowarta har ta rasu a watan Disamba na 1928.