Wiliyam Jons, mutumin da ya tsara gasar ƙwallon kwando ta duniya

Masu karatu, da yawa cikin samarinmu suna wasan ƙwallon kwando, wanda suke ce ma basket, amma kaɗan ne suka san sunan Renato Wiliyam Jons. Ga tarihinsa a taƙaice.

An haifi Jons a birnin Roma cikin shekara ta 1906, amma shi ɗan ƙasar Ingila ne. Ya yi karatu a Amurka, a makarantar Sifiringfil, inda malam Jems Naismit ya ƙago wannan wasa cikin 1891. Da ya komo Turai, ya tarar kowace ƙasa tana wasa da nata dokoki, babu hukumar da za ta raba gardama. Ranar 18 ga watan Yuni 1932, wakilan ƙasashe 8 suka haɗu a Janeba, suka kafa hukumar duniya mai suna FIBA. Aka naɗa Jons babban magatakarda, ya riƙe wannan muƙami shekara 44.

Cikin 1936 wasan ya shiga gasar Olampik a Barlin. A fili aka yi wasan ƙarshe, ana ruwan sama, ƙwallo yana maƙalewa cikin taɓo. Amurka ta cinye Kanada da 19 da 8.

Babban aikinsa shi ne gasar duniya, wadda aka fara a Ajantina cikin 1950 da ƙasashe 10. A nan ne wata tambaya ta taso: wa ya cancanci zuwa? Aka ba mai masaukin baƙi gurbi, aka ba ƙasashe 3 da suka yi gaba a Olampik na 1948, saura kuma suka biyo ta gasar yankinsu ko ta wasannin share fage, ko kuma aka gayyato su. Masar ta samu shiga don ita ta ci kofin Turai cikin 1949 a Alƙahira. Abin da mamaki, amma lokacin nan Afirka ba ta da tata gasa. Sai cikin 1961 aka kafa hukumar Afirka, aka yi gasar farko cikin 1962. Daga baya gasar kowace nahiya ta zama ƙofar shiga gasar duniya, har cikin 2017 aka sake tsari: yanzu ƙasashe suna wasannin share fage wata da watanni. Tun 2019 ƙasashe 32 ke zuwa, 5 daga Afirka, kuma wadda ta fi ƙoƙari cikin 5 ɗin nan tana samun gurbin Olampik. Ta haka Sudan ta Kudu ta je Paris cikin 2024.

Amma akwai abin da har yau ake tuna Jons da shi, ba da daɗi ba. A Munik, cikin 1972, Amurka tana gaban Tarayyar Sobiyet da 50 da 49, saura daƙiƙa 3 a tashi. Aka samu ruɗani wajen teburin alƙalai. Jons ya sauko daga mazauninsa, ya sa aka maida agogo kan daƙiƙa 3, alhali kuwa doka ba ta ba babban magatakarda wannan iko ba. Aleksanda Belof ya jefa ƙwallo cikin kwando, Sobiyet ta ci da 51 da 50. Wannan ne karon farko da aka kada Amurka a Olampik. Ta kai ƙara, aka kore ta da ƙuri'a 3 da 2, ƴan wasanta kuma suka ƙi karɓar lambar azurfa. A ganinmu, ko da lissafin lokacin daidai ne, mai tsara doka bai kamata ya tsallake ta ba.

Jons ya bar aiki cikin 1976, Borislaf Istankobic na Yugoslabiya ya gaje shi. Tun 1977 ake wata gasa da sunansa a Taiwan. Ya rasu a Munik cikin watan Afrilu 1981, yana da shekara 74.